Gahawar Masu Azumi

Allah ya isa tsakanin magidantan Layin Kuka da wata uwar tsegumi. Ba za a kama sunanta ba, ta san kanta. Duk wanda matarsa ta taɓa dawowa daga biki da labarin da bai shafe ta ba, to daga bakin wannan baiwar Allah aka ɗebo shi. Aron rariya ta je yi gidan mutane, ta laɓe a soro, ta tsinci magana ɗaya wadda mai ita ma bai yi nufin ta kwana ba, ta kai ta gidan suna, ta zuba mata gishiri da yaji. Kafin la'asar magana ta zama tarihi.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne Alhaji Mudi mai taya. Tsohon direban tirela ne, ya cinye ƙuruciyarsa a hanyar Maiduguri zuwa Injamena, ya dawo gida da ciwon baya da jarabar gahawa. Ba wannan garin da ake zazzagewa daga leda a kaɗa da cokali ba. Gahawar gaske, wadda ake soya 'ya'yanta a kasko, a daka a turmi, a tafasa da citta har ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Matarsa Hajiya Dije ta iya ta, shi ya koya mata. Kullum da safe sai ta aje masa 'yar buta da wainar ƙwai da burodi. Ranar da bai sha ba kuwa, kafin hantsi kansa ya fara sara kamar maƙera sun buɗe shago a ciki, ya yi faɗa da mai saye, ya yi faɗa da mai wucewa, ya yi faɗa da tayar da ba ta ce masa komai ba.

Abu ɗaya ne Mudi ya nema a duniya ya rasa: surukinsa Malam Zubairu ya dube shi da idon mutunci. Dattijon sahun gaba ne, mai farin gemu, wanda har gobe bai yafe wa kansa ba da ya ba direba 'yarsa. A gaban ido ya ce masa "kai wane," a bayan ido "ɗan tashan nan." Mudi ya je Makka, ya sa haƙorin Makka, ya gyara wa tsohon nan rufin zaurensa, duk a banza. Ɗan tasha dai.

To wata Litinin, daga masallacin asuba, Mudi ya biya gaida suruki. Suna zaune a zaure sai ga kwanon koko daga cikin gida. Kokon surukarsa Inna Hansai kuwa sananne ne. Tsaminsa in ka jiƙa ƙusa mai tsatsa a ciki, sai ta fito sabuwa.

Malam Zubairu ya ce, "Bismilla, kai wane."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Sai muryar Inna daga bayan ƙofa: "Ƙoshin me da sassafe? Ko namu ne bai kai ba? Ai mun sani, ba irin na tasha ba ne."

Gaba kura, baya siyaki. Ci a gaban suruki abin kunya, ƙin ci raini, ga kuma kokon da kansa yana hararar sa daga cikin kwano. Bakin Mudi ya riga hankalinsa.

"Ai azumi nake, Inna."

Tsoho ya aje ludayi a hankali. "Azumi? Yau Litinin fa. Allahu akbar! Har da Alhamis ke nan?"

"Har da ita, Baba."

"Da ɗorewa?"

"Da ɗorewa, in Allah ya yarda."

"Kai, madalla. Allah ya yi maka albarka, Malam Mudi."

Malam Mudi! Abin da haƙorin Makka da rufin kwano suka kasa sayo masa, ga shi ƙarya guda ta kawo masa har gida. Ya fito zauren yana tafiya kamar ba ƙasa yake takawa ba. Yana isa gida ya tarar an kife butar gahawa a kan kanta, an kashe wuta. Dije ta tare shi da murmushin da bai gani ba tun ranar da aka kawo ta.

"Inna ta bugo waya. Haba Alhaji, irin wannan abin alheri sai a waje zan ji?"

Tun daga ranar Litinin da Alhamis suka zama masa ranakun baƙin ciki. Dije ta tashe shi sahur da ɗumamen tuwo, lokacin da maƙogwaronsa bai ma san an wayi gari ba. In ya ce a ɗan ɗora gahawa, ta ce, "A'a, tana busar da baki, mai azumi ba ya shan ta." A kasuwa maƙwabta suka daina kiran sa cin abinci, sai su juya masa baya don girmamawa, suna tauna a hankali.

Uwar tsegumi kuwa ta gama aikinta. Kowace mata a Layin Kuka ta sa mijinta a gaba. "Direba ma, direban tirela, ya kama nafila, kai kana nan kana lashe kwano!" Ilu mai awo ya kama. Tela ya kama. Mai kemis ya kama. Har Malam Zubairu da kansa ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce tsufa ba hujja ba ce, tun da yaro ya nuna hanya shi ma ya bi. Layi ya cika da fuskoki a yamutse da leɓɓa a bushe. Mudi ya dube su. Ga shi maƙaryaci ɗaya tilo a tsakiyar waliyyai, kuma wai shi ne limaminsu.

Ya gwada yin azumin da gaske. Cikin ya yarda, kan ya ƙi. Ranar da ya kusa marin wani mai saye don ya ce a rage masa, ya gane cewa ko ya nemi gahawa ko ya kwana a ofishin 'yan sanda. Abin da yake nema ba mai yawa ba ne: wurin da gahawa take gahawa, kalaci yake kalaci, mai wurin kuma yake da amana. Sai ya tarar a garin nan samun raƙumi mai ƙaho ya fi haka sauƙi.

Ya fara da wani mai shayi a can ƙarshen gari, unguwar da yake ganin ko kare bai san shi ba. Ya ja hula har gira, ya zauna a ƙarshen benci, ya ce ƙasa-ƙasa, "Akwai gahawa?"

Mai shayi ya ɗago, buta a sama, kofi a ƙasa, ya washe baki. Muryarsa kuwa ko ladan ya sallama masa.

"A'a'a! Alhaji Mudi mai taya! Jama'a, ku matsa wa Alhaji! Wannan shi ne wanda nake ba ku labari, mai azumin nan! Allah gafarta Malam, yau ba Alhamis ba ce?"

Benci duka ya juyo, kowa da burodi a baki.

"Alhamis ce," in ji Mudi. "Tambaya na tsaya yi. Ina hanyar maƙabarta?"

"Wa ya rasu?"

"Saura kaɗan."

Wanda ya ce mai shayi shayi yake sayarwa bai taɓa zama a benci ba. Gidan rediyo ne, shayin talla ce kawai.

Sai ya ce bari ya gwada na masu kuɗi, tun da su ba ruwansu da kowa. Ya nufi wani sabon wuri a unguwar manya, mai sanyin na'ura da kujeru masu tsayin ƙafa kamar na wanzamin zamani. Bango gilashi, ƙofa gilashi, duk wanda ya wuce a titi yana ganin abin da ke cikin bakinka. Wata yarinya mai hular leda ta tare shi da murmushi, ta jero masa sunayen gahawa da Turanci kamar tana karanta sunayen magunguna.

"Yarinya, baƙa nake so. Mai ɗaci. Wadda in na sha zan san na sha."

"To Alhaji, sunanka?"

"Sunana? Gahawar ce ke tambaya?"

"A jikin kofi za mu rubuta, in ta yi sai a kira ka."

"A kira ni? Da ƙarfi?"

"E mana, don ka ji."

Ya ce sunansa Garba. Ya koma lungu ya zauna yana kallon samari da 'yan mata, kowa an aje masa kofi amma ba mai sha, sai ɗaukar hoto. Su ɗauka ta sama, su ɗauka ta gefe, su haɗa kai su ɗauka. Aka yi ta ƙwala kiran Garba, shi yana zaune yana tsaki yana cewa wane sakarai ne wannan da ba ya amsa sunansa. Sai da yarinyar ta zo ta taɓa teburinsa. Da ya leƙa kofin, kumfa ce zalla, an zana mata ganye a kai. Ya sa cokali yana tono kamar mai haƙar rijiya, bai kai ga gahawar ba har ta huce. Burodin kuma wani lanƙwasasshe ne, iska a ciki, ɓarɓashi a gemu.

Da yamma yana zaune yana jiran magariba da fuskar wahala, Dije ta miƙo masa waya.

"Alhaji, dubi hoton da 'yar Hajiya Uwale ta sa. Wannan na bayanta, hularsa sak irin taka."

Mudi ya duba. Ga ƙeyarsa nan, ga kunnensa na hagu, ga cokali a hannu.

"Hula ai ba ni kaɗai aka ɗinka wa ba."

"Haka ne. Dubi dai ƙaton banza, ranar Litinin, ko kunya."

"Duniya ta lalace," in ji Mudi.

Washegari ya ba da hular sadaka.

Hancinsa ne ya cece shi. Wata Alhamis yana ratsa bayan 'yan katako, kai na sara, sai ya ji wani ƙamshi da ya mai da shi Injamena tsaye. Ya bi shi lungu-lungu kamar akuyar da ta ji dusa, har wata ƙofar langa-langa da ke kallon bango. Babu allo, babu benci, babu rediyo. Wani dogon mutum siriri mai rawani yana zaune yana juya 'ya'yan gahawa a kasko. Sunansa Adum, mutumin Chadi ne, Hausarsa a taƙaice, kamar ana sayar masa da kalmomin.

Mudi ya fara kwance takalmi a bakin ƙofa. Adum ya girgiza kai.

"Shigo da shi. Takalmi yana da baki."

Nan take Mudi ya ji hawaye na neman zubo masa. Ga mutumin da ya san duniya! Mutum nawa aka kama a garin nan ta dalilin takalmin da suka bari a ƙofa?

"Malam, ni sunana..."

"Ban tambaya ba."

"Kana dai da amana?"

"Ina da gahawa. Ina da ƙosai, ina da ƙwai, ina da hanta. Ido babu. Kashe waya."

Ciki dogon ɗaki ne mai duhu-duhu. An ja igiya daga wannan bango zuwa wancan, an rataya buhuna, an yanka ɗakin ƙananan lunguna, kowane da tabarmarsa da labulensa. Mudi ya shiga ɗaya. Hannu ya zuro ta ƙarƙashin buhu ya aje tire. Kurɓar farko maƙeran kansa suka rufe shago suka tafi. Ƙosai da zafinsa, hanta ta ji albasa, burodi mai nauyi irin na mutanen kirki. Da zai fita Adum ya tsai da shi, ya miƙa masa tsumma ya goge maiƙo, ya duba gemunsa ya cire wani ɗan ɓarɓashi, ya ba shi asuwaki.

"Tauna. In ka fita kada ka yi fara'a. Ka yi tafiyar mai yunwa."

Haka Mudi ya samu lafiya. Litinin da Alhamis ya ratsa bayan 'yan katako da takalmi a hammata, ya fito yana jan ƙafa yana lumshe ido. A layi ana ta yaba yadda azumi ya karɓe shi, har ƙiba yake yi, an ce albarka ce. Malam Zubairu ya fara matsa masa wuri a sahun gaba. Yakan ji motsi a sauran lungunan, tari nan, kurɓa can, amma bai taɓa damuwa ba. Matafiya ne, ya ce a ransa, ko marasa lafiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ranar da abin zai watse, yana tsakiyar finjali na biyu sai ya ji ana magana a lungun da ke jikin nasa, ƙasa-ƙasa, baki cike.

"Ni wallahi duk ranar da na shigo nan sai na tsine wa wancan ɗan tashan. Muna zaman-zamanmu, muna shan kunu a gidajenmu kamar 'ya'yan halak, ya zo ya mai da mu ɓarayin ƙosai."

Wani ya amsa daga gaba, "Bar munafuki. Wai waliyyi! Ka ga wuyansa kuwa? Wane azumi ne ke sa wuya ya yi ninki?"

Mudi ya san muryar farko. Ilu mai awo ne, wanda ko da safiyar nan ya gaishe shi a ƙofar masallaci da "Allah ya ba mu albarkacinku." Jinin tasha ya hau masa kai. Ya manta inda yake, ya manta abin da ke hannunsa, ya miƙe ya fizgi buhu.

"Wa kake kira munafuki, kai mai tauye mudu?"

Igiyar da ma ƙusa ɗaya ke riƙe da ita. Ta tsinke, buhuna suka zube gaba ɗaya kamar an sauke shanya.

Ga Layin Kuka nan reras. Ilu da ƙosai a kumatu. Tela ya tsoma burodi a kofi, hannu ya tsaya a hanya. Mai kemis, wanda ke yi wa mutane bayanin amfanin azumi ga hanji, ya rungume farantin hanta. Kowa da takalminsa a gefe, kowa da asuwakinsa a kunne yana jiran aiki. Wanda ya ce ba a yi haka ba, ya bari sai Litinin ta zo, ya matsa kusa da masu nafilar unguwarsu ya shinshina gemunsu, sannan ya zo a yi magana.

Can ƙuryar ɗaki kuwa, a lungun da ya fi kowane faɗi, har da matashi da 'yar darduma irin ta wanda ya daɗe da zama ɗan gida, Malam Zubairu ne zaune. Farin gemu, finjali a dama, wainar ƙwai a hagu.

Adum ya leƙo, ya dubi igiya, ya dubi mutane, ya koma wajen kaskonsa.

Mudi ya kai finjali bayansa, ya durƙusa. Ya nemi gaisuwar da ta dace da wannan wuri, kaf Hausa babu. Abin da ya fito shi ne:

"Baba, barka da shan ruwa."

Rana ko hantsi ba ta yi ba.

Tsoho bai yi gaggawa ba. Ya tauna abin da ke bakinsa, ya haɗiye, ya kora da gahawa.

"Barka kadai, Malam Mudi. An sha lafiya?"

"Baba, ni... wucewa na zo yi, sai na ji kamar ana..."

"Fito da finjalin, kada ka ƙona mazaunanka."

Mudi ya fito da shi. Kunya ta rufe shi har yana jin zafinta a kunne. Sahun gaba ya tafi, Malam ya tafi, an koma ɗan tasha, wannan karon da shaidu. Sai wata jarumtaka ta marasa mafita ta taso masa. Ya dafa ƙirji.

"Baba, laifina ne. Ni na jawo. Ranar nan ba azumi nake ba, kokon ne ya..."

"Na sani. Ni nake shan kokon nan tun kafin a haife ka, kai za ka ba ni labarinsa?"

"To shi ke nan, Baba, yau ta ƙare. Daga nan gida zan nufa in faɗa wa Dije gaskiya tsaf. Ita ta faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa matan layi, su san inda muke zuwa da abin da muke yi. A daina wannan ɓoye-ɓoye, kowa ya huta."

Ƙosai ya sarƙe Ilu. Tela ya ce innalillahi. Mai kemis ya miƙe ya tare ƙofa da faranti a hannu.

Malam Zubairu ya miƙa wa Adum finjali ta gefe don a ƙara, ya dubi surukinsa daga hula har ƙafa.

"Zauna, ɗan tasha. Ka yi ƙarya sau ɗaya, unguwa guda ta rasa kalaci a gida. Yanzu kuma so kake ka faɗi gaskiya, mu yi azumin da gaske?"